Laifin Me Keke Ya Yi Mana a Jidda?

Daren Alhamis ɗin da ta wuce muna zaune a wata istiraha, wato gidan taro, a kudancin Jidda, an gama cin shinkafar walima ana jiran shayi, sai zancen wani yaro ya taso. Yaron yana neman 'yar wani dattijonmu. Na san shi tun yana rarrafe. Yana salla, yana riƙe da mahaifiyarsa, shekara huɗu ke nan yana shago ɗaya na kayan lantarki, ba a taɓa jin ya ɗauki allurar wani ba. Dattijon, wanda duk muke kira Kawu, ya saurara har aka gama, ya gyaɗa kai, sannan ya ce: "To amma fa an ce da sikal yake zuwa aiki, kamar ɗan aiken kantin bagala."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin ni ma da sikal, wato keke, nake zuwa aiki.

Ba a yi minti goma ba Kawun nan ya zaro waya yana nuna mana hoton ɗansa na biyu a Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku. Hular kwano, baƙin tabarau, riga mai kama jiki, ga shi tsaye a jikin wani keke da aka ce kuɗinsa ya haura albashin wancan yaron na wata uku. "Masha Allah, riyada yake yi," in ji Kawu, wato motsa jiki. Kowa ya amsa da masha Allah.

Tun daren nan abin yake cina. Wancan taya biyu, wannan taya biyu. Duk sarƙa ce, duk feda ce, duk gumi ne. Ɗaya ya hau don nishaɗi an sa masa albarka, ɗaya ya hau don neman halal an ce bai isa aure ba. Ashe keken bai tsare mana komai ba, ganin mutum yana da buƙatarsa ne ke damunmu.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu don kada a yi ta lalube. Ga wanda tsakanin gidansa da wurin aikinsa bai wuce kilomita biyar zuwa takwas ba, keke abin hawa ne na mai hankali a mafi yawan watannin shekara, kuma babu ɗigon abin kunya a cikinsa. Cikin duk hujjojin da ake kawo mini, guda ɗaya ce tak nake jin nauyinta, wato haɗarin titi. Ita zan fi daɗewa a kai. Sauran mu bi su.

Jikokin masu tafiyar ƙasa

Da wata al'umma ce ke raina wanda ke tafiya da ƙarfin ƙafarsa da na yi mata uzuri. Amma mu? Yawancin gidajen Hausawan da suka daɗe a Makka da Jidda da Madina, in ka bi salsala, kakan da ya kafa gidan a ƙasa ya zo. Daga Kano ko Sakkwato ko Katsina a bi ta Borno, a ratsa Chadi, a shiga Darfur, a yada zango a Kurdufan ko a Jazira a yi ƙodagon auduga shekara biyu ko uku a tara guzuri, a gangara Sawakin a hau jirgin ruwa na katako. Wasu sun baro gida da jariri a goye, sun iso Jidda yaron yana ɗaukar tulu. Da wannan labarin muke tinƙaho a kowane zaman biki.

A ƙarshen 2022 wani matashi daga Jos ya iso ƙasar nan a kan keke bayan doguwar tafiya, muka yi ta yaɗa bidiyonsa a WhatsApp ana kabbara. Ya cancanci hakan. Sai dai na kasa gane lissafin: dubban kilomita a kan keke jarumta ce, kilomita shida zuwa shago kuma zubar da mutunci ne.

Can gida ma ba haka aka ɗauki keke ba a da. Mahaifina ya sha ba mu labarin cewa a Kano, zamanin ƙuruciyarsa, malamin makaranta ko malamin asibiti in ya sayi sabon Raleigh, da ledarsa yake barinsa wata da watanni, unguwa ta fito kallo. Basukur, laulawa, dokin ƙarfe, sunaye har uku don ƙauna. Babur ne ya zo ya rage masa daraja, mota ta ƙarasa.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa a fili ba. A garin nan keke ya zama tambarin lebura: ɗan Bangaladash mai wankin mota da bokiti a bayan kariya, ɗan Indiya mai kai ruwa da burodi daga bagala, ɗan Fakistan mai ɗauke da tsani. Tsoronmu shi ne kada a gan mu a haɗa mu da su. Mu da aka daɗe ana jifa da kalmar takaruni cikin raini, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ɗacin a auna mutum da kamanninsa. Laifi tudu ne.

"Ai rana za ta kashe ka"

Wannan gaskiya ce, amma ta wata huɗu. Daga Yuni zuwa Satumba Jidda ba ta wasa, ga zafi ga ruɗuba, wato laimar iska, mai sa riga ta manne da baya kafin ka kai bakin layi. Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ni ma a Agusta nakan jingine keken, ban ɗauki alƙawarin wahala ba.

To amma shekara wata goma sha biyu ce. Daga Nuwamba zuwa Maris, ƙarfe takwas na safe a Jidda iska ce mai daɗi daga teku, mutanen Riyad ma hassadarmu suke yi a kanta. Yawancinmu masu aikin shago dawam biyu muke yi, wato zuwa aiki sau biyu, na safe da na bayan la'asar zuwa dare. Tafiya huɗu ke nan, ɗaya ce kawai ke faɗowa a tsakar rana. Ina ajiye riga ɗaya da ƙaramin tawul a shago. Shi ke nan maganin gumi.

Wanda ya ce mini rana, nakan tambaye shi ko a Janairu ya taɓa gwadawa. Har yau ban samu wanda ya ce e ba.

"Mai ai araha ne a ƙasar nan"

Ya taɓa yin araha. Kafin 2016 litar fetur mai lamba 91 halala 45 ce, ƙasa da rabin riyal, ka cika tanki da canjin aljihu. A farkon 2016 ta koma halala 75, a 2018 ta zama riyal 1.37, tun tsakiyar 2021 kuma tana riyal 2.18. In ka kwatanta da wasu ƙasashe har yanzu da sauƙi, amma wanda ya saba da 45 ya san an ninka masa kusan sau biyar.

Kuma mai shi ne ƙaramin abin da mota ke ci. Akwai ta'amin (inshora) kowace shekara, akwai fahas (gwajin lafiyar mota), akwai sabunta istimara (takardar rajistar mota), akwai juyen baƙin mai, akwai taya da batir da zafin garin nan ke cinyewa, akwai na'urar sanyi da ba ta tashi lalacewa sai a Yuli. Akwai Sahir, kyamarar kan titi, da ke ɗaukar hotonka ba sallama, saƙon tara ya riga ka isa gida. In kuma da aƙsaɗ, wato bashin biyan wata-wata, ka ɗauki motar, to wata bai kama ba an riga an yanke rabonsa.

Ga mu masu iƙama, wato takardar zama ta baƙi, akwai wani nauyin daban. Kuɗin iyali da aka fara karɓa a 2017 a kan riyal 100 kowane mutum a wata ya kai 400 tun 2020. Mai mata da 'ya'ya uku ya yi lissafi da kansa. Mutum yana cikin wannan, a ce masa sai ya ƙara da bashin mota don kada a gan shi a kan keke a ce wane ya talauce. Da kuɗin wa za a biya wannan kunyar?

Keken da nake hawa a harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo, na saye shi, na hannu, riyal 350. Shekara uku ke nan. Abin da na kashe masa duka bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba.

Lafiya kuwa ba sai na ja zance ba. Duba zaman walimar nan kawai: mutum nawa ne suka ce a kawo musu shayi ba sukari? Ni likita ne ya ce mini sugana yana bakin ƙofa, ko in motsa jiki ko in fara shan magani. Ba ni da lokacin zuwa nadi, wato gidan motsa jiki, bayan dawam biyu, ba ni da kuɗin shigarsa. Minti ashirin da biyar zuwa, ashirin da biyar dawowa, shi ne nadina.

Tob da sarƙa

Wani abokina ya ce shi matsalarsa tob ce, doguwar rigar nan ta Larabawa. Na yarda, tob da sarƙar keke ba sa ga maciji. Ranar farko da na gwada, bakin farin tob ɗina ya dawo kamar an goge tukunya da shi. Amma dattawan Kano da babbar riga suke hawa su je masallacin Juma'a, hannun riga a saɓe a kafaɗa. A sa murfin sarƙa, ko a hau da wando a canza a wurin aiki. Ban ga abin tsayawa a nan ba.

Inda nake ba su gaskiya

Titi. A nan bakina yake yin nauyi, domin na taɓa tsayawa a kan wani bawan Allah da mota ta kaɗe da keke a bakin wata gada, takalminsa ɗaya can, kwanon abincinsa can.

Jidda don mota aka shimfiɗa ta. Cikin unguwa babu matsala, layuka ne ƙanana, mota ba ta gudu, yara ma suna wasa. Tashin hankalin yana wurin tsallake manyan tituna irin su Titin Madina ko Sittin ko hanyar Haramaini. Waɗannan kamar koguna suke da suka raba gari. Mai mota ya hau gada ya sauka cikin daƙiƙa talatin. Mai keke ko ya shiga cikin masu gudun ɗari, ko ya yi zagayen kilomita biyu yana neman wurin juyawa, ko ya saɓi keken a kafaɗa ya hau matakalar gadar masu tafiya a ƙasa in akwai ta. Ga mai buɗe ƙofar mota ba tare da ya waiga ba. Ga wanda idonsa ke kan waya. Ga wanda ya ɗauki gefen titi a matsayin hanyar wuce layi.

Abin dariya, abin takaici: a kan Sittin ɗin nan ne mutum-mutumin keken nan yake, wanda ya ba Dawwar Darraja, wato Shataletalen Keke, sunansa. Wani ɗan Sifaniya mai suna Julio Lafuente ya ƙera shi a zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi, tsayinsa wajen mita 15. Duk baƙon da ya zo Jidda sai an nuna masa. Je ka gwada ratsa wurin a kan keke na gaske da ƙarfe biyar na yamma, in ka fita ka ba ni labari.

Sai dai fa mu masu keken ma muna da namu. Nawa ne cikinmu ke bin hannun da ba nasu ba, suna fuskantar motoci, wai don su riƙa ganin abin da ke zuwa? Wannan dabarar ita ke kashe mutane, domin mai fitowa daga layi hagu yake dubawa, ba ya tsammanin kowa daga dama. Nawa ne ke tafiya bayan isha'i da baƙar riga, ba fitila gaba ba ja a baya? Nawa ne birkinsu silifas ne? Fitila biyu da hular kwano ba su kai kuɗin cin mandi na mutum uku ba.

Ni dokokina kaɗan ne. Ina bin cikin unguwa ko da hanya ta ƙara tsawo. Babban titi ɗaya nake tsallakawa, a ishara, wato wurin fitilar ba da hannu, kuma in ta kama sauka nake in tura. Ba na kusantar motar da ke fake sai da tazarar ƙofa. Ba na sa komai a kunne.

Ba zan ce ba a yin komai ba. An yi hanyar keke a Kornish, mai kyau kuwa. A Riyad an ƙaddamar da Masar Riyadi, hanyar keke da motsa jiki, tun 2019, wanda tsarinsa ya kai kilomita 135. Ana tseren keke na duniya a Al'ula. Mata da a 2013 aka fara ba su damar hawa a wuraren shaƙatawa, yau ga su nan rukuni-rukuni a bakin teku ba wanda ke waiwaye. Ƙasar da ake ba da labarin an taɓa kiran keke dokin Iblis a cikinta, wannan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Amma duba sunan da aka ba abin: riyada. Hanya ce da ake ɗauko keke a bayan mota a zo a hau, a gama a mayar da shi bayan mota. Ba ta fara daga ƙofar kowa ba, ba ta ƙare a ƙofar shagon kowa ba. Mutanen da suka fi kowa hawa keke a garin nan, kullum, rani da sanyi, ba su da abin yi a Kornish ƙarfe shida na safe. Abin da suke buƙata bai kai wannan tsada ba: wurin tsallake babban titi lafiya kowane 'yan ɗaruruwan mita, gadar ƙafa mai gangara maimakon matakala, ƙarfen ɗaure keke a bakin masallaci da kasuwa da tashar bas. Riyad ta buɗe jirgin cikin gari a Disamban 2024. Duk wanda gidansa ke kilomita biyu daga tasha ya san tambayar da ta rage: da me zan isa can?

'Yan Juma'a

Kada a ce ina jin haushin 'yan Kornish. Na bi su sau biyu, ranar Juma'a bayan asuba, da tsohon kekena mai kariya a tsakiyar nasu masu sheƙi. Mutanen kirki ne. Wani likita a cikinsu ya tambaye ni da wace ƙungiya nake atisaye, na ce ƙungiyar dawam. Ya yi dariya har ya kusa faɗuwa, da muka tsaya shan shayi ya cire jar fitilar bayan kekensa ya ɗaura a nawa. Ita nake amfani da ita har yau. A wurinsu na koyi nuna hannu kafin juyawa, da cewa sirdina ya yi ƙasa shi ya sa gwiwata ke ciwo.

Roƙona gare su ɗaya ne. Su ne ake jin maganarsu, su ne ake ɗauka a hoto. Kowannensu ya je aiki da keken ko sau ɗaya a mako a lokacin sanyi. Ranar da aka ga injiniya ya ɗaure keke a ƙofar ofis, ranar Kawu zai fara sauya lissafi.

Mai faci

Akwai wani rashi da ba wanda ya lissafa. Da rusau ya bi ta Sabil da Karantina da Gulail da Kandara daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, jama'armu suka watse, wasu Safa, wasu Harazat, wasu har Bahra. Wanda a da aikinsa ke bayan layinsu ya wayi gari yana da tafiyar kilomita talatin. Irin wannan ba na ce masa ya hau keke, zalunci ne. Amma tare da gidajen, 'yan rumfunan masu faci ma sun tafi. Akwai wani Baba a unguwarmu ta da, da bahon ruwansa da sholisho da guntun tsohon tif, riyal biyu ya like maka hujin taya yana ba ka labarin Hadeja. Shagunan keke na arewacin gari ba sa faci, sabon tif za su sa maka su miƙo takardar kuɗi.

Dole na koya da kaina, kuma ba wani abu ba ne. Iskar Jidda gishiri gare ta, in ka bar keke a tsakar gida wata ɗaya sarƙa ta yi ja. Duk mako biyu ina goge ta da tsumma in ɗiga mata mai marar kauri. Kada ka lafta mata giris, yashi zai manne ya zama kamar faifan goge ƙarfe ya cinye haƙora. Iskar taya a duba duk Juma'a, domin taya mai laushi ita ke jawo yawancin faci. Robar birki in ta sha rana takan ƙandare, a canza ta kafin ta fara kuka. Kada a bar keke a rana, sirdi da taya duk tsagewa suke. Yanzu yaran gidanmu har na maƙwabta ni suke kawo wa nasu, na ce ba zan taɓa ba sai mai keken ya riƙe sifana da hannunsa.

Abin da na faɗa a istiraha

Zan faɗi wani abu da bai yi mini daɗi ba. A daren nan da na buɗe baki in kare yaron, kalmar farko da ta fito ita ce: "Kawu, ai ni ma ina hawa, kuma kun san ina da mota." Sai da na koma gida na ji abin da na faɗa. Me ya kawo mota cikin zancen? Wato ni ma sai da na nuna takardar shaidar cewa ba rashi ne ya sa ni ba, sannan na iya ɗaga kai. Ciwon da nake gani a jikin Kawu yana jikina.

Ranar Asabar bayan magariba na je na same shi a gida, na gaishe shi, na ce: "Kawu, ku yi haƙuri, maganar yaron nan ce ta dawo da ni. Kun san gidansu, kun san halinsa."

Ya yi shiru yana juya carbi. Can ya ce: "Ɗana, ni ban ƙi yaron ba. Amma uwar yarinya ta ce in mata suka tambaye ta da me angon yake zuwa, me za ta ce musu?"

Na ce ta ce musu da ƙafarsa da kuɗinsa, ba bashin kowa a kansa. Ya yi murmushi, ya ce in sha shayina kada ya huce.

Jiya da safe na haɗu da yaron a ishara, shi a kan nasa ni a kan nawa. Na tambaye shi ya ake ciki. Ya ce ya je ma'arad, wurin sayar da motoci, ya tambayo, an ce riyal 1,100 duk wata har shekara biyar, kuma ranar Lahadi zai kai takardunsa.